Kafin mu ɗora wa yara laifin faɗuwa a kimiyya

1/
Duk shekara in sakamakon WAEC ko JAMB ya fito, sai a cika nan da magana iri ɗaya: yaran yanzu ba sa karatu, waya ta cinye su, TikTok ya gama da su. Da gaskiya a ciki, amma an bar jaki ana dukan taiki. Ni ɗalibin Kemistiri ne, aji uku a jami'a, kuma makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo na gama. Zaren da tsawo, a yi haƙuri.

2/
Mu fara da abin da ake nema a wurin yaro. Mai son likitanci, ko haɗa magunguna, ko injiniyanci, sai ya samu kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. Sannan ya zauna JAMB, darasi huɗu, maki 400. A 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai 200 ba. Likitanci kuwa, da 200 ko kallonka ba za a yi ba.

3/
In yaro ɗaya ya faɗi, a ce laifinsa ne. In aji guda ya faɗi, a duba malamin. To in yara sama da miliyan ɗaya suka kasa kai rabin maki a shekara guda fa? Ruwa ba ya tsami banza. Zan lissafo dalilan da na gani da idona, a matsayina na ɗalibi, da kuma lokacin da na koyar da lesin a unguwa.

4/
Na farko: kimiyyar allo.
Makarantarmu tana da lab. Akwai shi a rubuce a jikin ƙofa, da fenti ja. Amma ƙofar a garƙame take, kuma in ka leƙa ta taga abin da za ka hango karyayyun kujeru ne da tsofaffin rajista. Daga SS1 har muka shiga zango na biyu na SS3 ban taɓa taka cikinsa ba.

5/
Yadda ake koya mana gwaji shi ne, Malam ya ɗauki alli ya zana biret, wannan dogon bututun gilashi mai famfo a ƙasa. Ya zana kwalba a ƙarƙashinsa. Sai ya ce: "A nan ruwan zai juye daga rawaya zuwa ruwan lemo." Mu rubuta: rawaya zuwa ruwan lemo. An ce gani ya kori ji, mu kam jin muka yi shekara uku muna yi.

6/
Ga wanda bai sani ba, Kemistiri a WAEC takarda uku ce: ta zaɓi, ta rubutu, sai faraktikal. A faraktikal za a ba ka asid a biret, ka auno mililita 25 na wani ruwan da fifet, ka riƙa ɗigawa har launi ya juye, ka karanta lambar, ka maimaita. Sannan a ba ka wani gari ka gano ko gishirin me ne. Duk aikin hannu ne da ido.

7/
Mu kuma 2020 muka yi tamu. An rufe makarantu tun watan Maris saboda korona, muka dawo farkon Agusta, aka fara jarrabawa ranar 17 ga wata. A cikin waɗannan kwanakin aka buɗe mana lab, aka aro biret shida daga wata makaranta, mu sama da ɗari biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar aka fafe.

8/
Ranar faraktikal wani abokina ya zuƙi fifet da ƙarfi, ruwan ya shige masa baki. Ya fita yana tofarwa, hankalinsa ya tashi, bai ƙara rubuta abin kirki ba. Yaron nan shi ke koya mana lissafin Kemistiri a aji. Ƙwaƙwalwa yana da ita. Hannunsa ne bai taɓa riƙe abin ba sai sau ɗaya.

9/
WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu, kuma yana shafinta na intanet kyauta. Ku je ku duba na Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Koken kusan ɗaya ne shekara da shekaru: ba a iya karanta ma'auni daidai, ana manta rubuta ma'aunin amsa, giraf ba tsari, zanen halitta ba suna a jikin sassa. Waɗannan kuwa da maimaici ake iya su.

10/
Ban taɓa sa ido a maikiroskof ba sai a ajin farko na jami'a. Ɓawon albasa aka ba mu, aka ɗiga aidin. Na ga ƙwayoyin halitta a jere kamar tubalin gini. Abin da na haddace tun JSS, na zana shi ya fi sau ashirin, ranar na yarda akwai shi. Kusa da ni akwai mai A1 a Bayoloji, shi ma ranar ya fara gani.

11/
Na biyu: harshe.
Wannan shi ne wanda ba a son a taɓo, don ana ganin kamar kasawa ce a ce yaranmu ba sa jin Turanci. Amma gaskiya ɗaya ce. Yaro ya tashi da Hausa a gida, Hausa a layi, Hausa a filin ƙwallo, har malamai Hausa suke yi a ofis. Sai a miƙa masa littafin Ababio ko na Anyakoha a ce ya karanta da kansa.

12/
Yaron nan jarrabawa biyu yake yi a lokaci guda. Sai ya fara cin ta Turanci kafin ya kai ga ta Fiziks. Sau da yawa ya san amsa, tambayar ce bai gane ba. An ce ya bambanta abu biyu, shi kuma ya kawo ma'anar kowanne. An ce ya bayyana dalili, shi kuma ya jero sunaye. Maki ya tafi.

13/
Ƙanwata tana SS2. Ta zuba mini ma'anar yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, da Turanci, ko numfashi ba ta yi ba. Na ce to me ya sa in aka kife kwano a kan ciyawa kwana biyar take komawa rawaya? Shiru. Can ta ce: "Yaya, ni dai na haddace, amma wallahi ban san me nake faɗa ba."

14/
Na yi mata bayanin da Hausa, bai kai minti biyar ba. Kafin in gama ita ce ke ce mini ashe shi ya sa shukar da ke gindin mangwaro ba ta yin kirki. Ita ta kawo wannan misalin da kanta. Abin yana cikin kanta tuntuni, harshen da aka zuba mata darasin ne bai haɗu da shi ba.

15/
Ga wani misali. A Fiziks, ɗan dako da ya tsaya cak da buhun masara a ka na rabin awa bai yi "aiki" ba, don buhun bai motsa ba. Faɗi wannan da Hausa, aji zai kaure da musu, kuma a cikin musun nan za a gane ma'anar. Faɗi da Turanci, za a rubuta a yi shiru. Malam ya ce an gane? A ce an gane.

16/
A lesin wani yaro ya tambaye ni me ya kawo alƙali cikin Kemistiri. Ya ga kalmar "alkali" a littafi. An yi dariya, amma tambayar ta yi amfani: kalmar daga Larabci ta samo asali, tana nufin tokar tsirrai. Wato ruwan tokar da kakarsa ke tacewa don miya. Daga ranar bai ƙara mantawa ba.

17/
Kuma an taɓa gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife suka koyar da yaran firamare shekara shida cur da Yarabanci, Turanci kuma a matsayin darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Sama da shekara hamsin ke nan, har yau muna musu a kai.

18/
Ba cewa nake a daina Turanci ba fa. Da shi ake jarrabawa, da shi ake karatun jami'a. Abin da nake cewa, a fahimtar da yaro da harshen da yake tunani da shi, sannan a ba shi sunan abin da Turanci. Malaman da suka fi yi mana amfani haka suke yi, wasu a ɓoye, don kada a ce ba su iya Turanci ba.

19/
Na uku: lissafi.
Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas muna gida, sai na fara koyar da yaran SS2 a wani zaure. Na ɗauka matsalarsu Kemistiri ce. Mako biyu na gane yawancinsu tun a lissafin firamare aka baro su.

20/
Misali: giram 4 na sodar sabulu, nauyin mol ɗaya giram 40, mol nawa ke nan? Raba 4 da 40, amsa 0.1. Fiye da rabinsu suka rubuta 10. Na tambayi dalili, suka ce ai ƙarami ba ya rabuwa da babba, shi ya sa suka juya. Ka ga nan babu ruwan Kemistiri. An rasa tushe ne tun aji huɗu na firamare.

21/
Abin mamaki, ɗaya daga cikinsu yana tsaron shagon babansa a kasuwa. Ka ce masa kwano bakwai da rabi na shinkafa, a cire kuɗin leda, a ba da canji, kafin ka ciro waya ya faɗi amsa. Lissafi yana kansa. Na takarda ne ba a taɓa haɗa masa shi da na kasuwa ba.

22/
Fiziks kuwa rabinta juya fomula ce da zana giraf. Wanda bai iya fitar da harafi ɗaya daga cikin fomula ba, ko ya haddace dokokin Newton uku kamar sunansa, tambayar lissafi za ta kayar da shi. Kuma muna ɗaga yara zuwa aji na gaba ko sun ci ko ba su ci ba, don babu wurin ajiye su. Bashin yana taruwa, a SS3 ake biya.

23/
Na huɗu: malamai. A nan sai an yi adalci.
Malamin Fiziks ɗinmu shi kaɗai ne daga SS1 zuwa SS3, kuma shi ke ɗaukar Lissafin wasu azuzuwan. Da yamma yana tuƙa adaidaita sahu. Mutum ne mai ƙoƙari, ya san abinsa. Amma wane lokaci zai samu ya shirya gwaji, ya duba littafin aikin yara ɗari uku?

24/
Da aka yi masa canjin wurin aiki, zango guda cur ba mu yi Fiziks ba. Daga baya aka turo ɗan bautar ƙasa, shi kuma Tattalin Arziki ya karanta. Ba ya jin Hausa, mu ba ma jin Turancinsa. Sai ya riƙa ba monita littafi ya kwafa mana a allo. Shi ma ba laifinsa ba ne, inda aka ajiye shi ya zauna.

25/
Ku duba yadda muke samar da malamai tun daga tushe. A 2023 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 140 ne, na kwalejin ilimi 100. Cikin 400. Wato mun yarda a hukumance cewa wanda zai koyar da 'ya'yanmu shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin maki. Akwai haziƙai a kwalejojin nan, na san wasu. Amma saƙon da tsarin ke aikawa a fili yake.

26/
A jami'a ma haka. Ka nemi likitanci ba ka samu ba, a tura ka wani kos. Shi ma ba ka samu ba, a tura ka tsangayar ilimi. A ajinmu in aka tambayi wa ke son koyarwa a sakandare bayan ya gama, ba za ka samu hannu biyar ba. Kowa banki, kamfani, ko waje. To wa zai koya wa ƙannenmu?

27/
Na biyar: cunkoso da kwafar not.
Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare. Mu a SS1 mun haura 90, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Darasi minti 40. Kafin a yi shiru an ci goma. Na baya ba ya jin abin da ake faɗa, ba ya ganin allo, daga littafin na gabansa yake kwafa, har da kuskuren.

28/
Shi ya sa "karatu" a wurinmu ya koma kwafa. Wanda littafinsa ya cika shi ne mai ƙoƙari. Tambaya kuwa ana ɗaukarta rashin kunya ko son a sani. Na sha ganin an ce wa yaro "kai ka fiye surutu" don ya ce me ya sa. Alhali kimiyya gaba ɗayanta a kan "me ya sa" aka gina ta.

29/
Ga manhaja mai faɗi. Ban taɓa jin makarantar gwamnati a yankinmu da ta gama ta ba. Kemistirin sinadaran man fetur da giya da sabulu, wanda ke zuwa a ƙarshe, a guje ake wuce shi ko a tsallake. Haka lantarki da maganaɗisu a Fiziks. Su kuma masu jarrabawa daga farko har ƙarshe suke ɗebo tambaya.

30/
Na shida: yadda ake shiga ajin kimiyya.
In aka gama JSS3, ana raba yara: kimiyya, adabi, kasuwanci. A unguwarmu in ɗanka ba ya ajin kimiyya kamar abin kunya ne. Uba zai zo har ofis ya ce shi likita yake so. Ba a tambayi yaron ba, ba a duba makinsa na Lissafi ba.

31/
Ina da aboki da ya iya rubutu da muhawara, duk makarantar babu kamarsa. Da an bar shi da tuni yana karatun lauya. Aka tura shi kimiyya, ya zauna WAEC sau biyu, Fiziks da Kemistiri suna kayar da shi. Yanzu yana ganin kansa daƙiƙi. Ba a samu likita ba, lauyan ma an rasa.

32/
Na bakwai: satar amsa.
Kowa ya san makarantun da ake komawa a SS3 don "a taimaka". Ana biyan kuɗi na musamman, ranar jarrabawa a rubuta amsa a allo. Har lambar da ya kamata yaro ya karanto daga biret ɗinsa ake ba shi, aji guda lamba ɗaya. Iyaye da yawa da hannunsu suke biya.

33/
Ɓarnar ba a SS3 kaɗai take tsayawa ba. Yaron SS1 ya ga yayansa bai buɗe littafi ba ya fito da B2 a Fiziks. Me zai sa shi ya wahalar da kansa? Malami ma ya san ko ya koyar ko bai koyar ba sakamako zai yi kyau. Sai JAMB ta zo a kwamfuta, babu allo, babu mai taimako, a ga 150 kusa da kiredit tara.

34/
Wanda ya lallaɓa ya shigo jami'a kuma, ajin farko ke tona asiri. Mun shigo da mutanen da takardarsu ta fi tawa kyau nesa ba kusa ba. Kafin ƙarshen shekara wasu an sauya musu kos, wasu an sallame su. Kuɗin da aka biya don a taimaka musu, jinkirta faɗuwar kawai ya yi.

35/
Na takwas: tsaro. Wannan namu ne na Arewa.
Ku lura da sunayen. Dapchi, Fabrairun 2018, kwalejin kimiyya da fasaha ta 'yan mata. Ƙanƙara, Disambar 2020, sakandaren kimiyya, yara sama da 300. Kagara, Fabrairun 2021, kwalejin kimiyya. 'Yan matan Chibok ma a 2014 jarrabawar Fiziks suke jira.

36/
Yawancin makarantun kimiyya na gwamnati na kwana ne, kuma a bayan gari aka gina su. Su ne suke da lab na gaske da malamai na musamman. Bayan waɗannan hare-hare jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na tsawon watanni, wasu aka haɗe su a cikin birni. Iyaye kuma, wa zai ga laifinsu in sun ce ɗansu ya zauna a gida?

37/
Na tara: 'yan mata.
Ƙanwata tana dawowa ƙarfe biyu. Wanke-wanke, girki, Islamiyya, raino. In ta zauna da littafi bayan isha'i, babu wuta, da fitilar waya take karatu, barci na fizgarta. Ƙanena da ke aji ɗaya da ita ƙwallo yake tafiya. Sai da muka zauna da Umma muka raba aikin.

38/
Kuma tun tana JSS take jin "Fiziks ta maza ce", "ina amfani, aure za a yi". Amma in matar gida za ta haihu, kowa likita mace yake nema, a yi ta faɗa in namiji ne. Likita macen nan daga ina za ta fito? Daga ajin SS2 ɗin nan ne da muke cire yara a tsakiyarsa.

39/
To wayar fa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai yaran da ke da malami, da littafi, da lab, amma su raba dare suna kallon bidiyo. Wannan gaskiya ne, kuma su ma a faɗa musu. Sai dai faɗuwa a Fiziks ta girmi TikTok. Ku tambayi yayyenku da suka yi jarrabawa kafin waya ta zo hannun kowa.

40/
Wayar nan ma ita ta cece ni a JAMB. A YouTube na fara ganin launin nan yana juyewa a kwalba, a kan data ta dare. Yaron da aka nuna wa inda zai duba zai duba. Wanda darasi bai taɓa yi masa ma'ana ba, dole abin da ke ba shi dariya ya ja shi.

41/
Kada a ce abin ba ya gyaruwa, don an taɓa gyara shi. A 1977 jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ana zaɓen yara ta jarrabawa, a ba su wurin kwana, da lab mai aiki, da malaman fannin. Farfesa Abdalla Uba Adamu a kan waɗannan makarantun ya yi binciken digirinsa na uku.

42/
Ku tambayi manyan likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa inda suka yi sakandare, za ku sha jin Dawaki. Da yawansu 'ya'yan manoma ne daga ƙauye. Ƙwaƙwalwar yaran wancan lokacin ba ta fi ta na yanzu ba. An dai ba su abin da ake buƙata ne, kuma an bi diddigi.

43/
Kafin gwamnati ta farka kuma, akwai abin da ba ya buƙatar kwangila. A zauren nan na yi gwaji da zoɓo. Kofi biyu: ɗaya na matsa lemon tsami, ya ƙara ja. Ɗaya na zuba ruwan kanwa, ya yi duhu ya koma wajen kore. Ga asid, ga kishiyarsa, ga abin da ke nuna su. Duka bai kai kuɗin lodin waya ba.

44/
Igiya mai tsawon mita ɗaya, dutse a ƙarshenta, agogon waya. A lilo sau 20, a raba lokacin da 20, za a samu kusan daƙiƙa biyu. A rage igiyar a sake. Wannan shi ne ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da WAEC ke yawan kawowa a Fiziks. Yaran da suka yi shi da hannunsu har gardama suke yi a kan wanda ya ƙirga daidai.

45/
Yanka dankalin turawa, sa rabi a ruwan gishiri, rabi a ruwa zalla, dawo bayan awa ɗaya ka taɓa. Ɗiga aidin na kemis a kan rogo ka ga ya yi baƙi-baƙi, ɗiga a kan gishiri ka ga bai yi ba. Babi biyu na Bayoloji ke nan a tsakar gida.

46/
Garuruwanmu ma cike suke da darasi. A marinar Ƙofar Mata, zane yana fitowa daga rijiyar baba da launin kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Majema da bagaruwa suke jima. Kindirmo da daddawa aikin ƙananan halittu ne. Duk suna cikin manhaja da wasu sunaye, ba a taɓa ce mana su ne ba.

47/
Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, kayan miya suka riƙa kwanaki ba su lalace ba. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ilimin da ke sa ruwan randa sanyi ne, wanda ke babin zafi a littafin SS1.

48/
Abin da nake roƙo, daga ƙasa zuwa sama.
Mu 'yan jami'a: hutu ya zo, ka je tsohuwar makarantarku ko zauren unguwa, ko awa biyu a mako. Fara da raba lamba da juya fomula kafin ka taɓa Kemistiri. Kai ka san inda aka baro ka, nan aka baro su.

49/
Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai: kuɗin walima da anko na shekara ɗaya zai sayi biret, fifet, ma'aunin lantarki da sinadaran zango guda. Amma kada a miƙa a tafi. A koma bayan wata biyu a tambayi yaran, ba shugaban makaranta ba, ko sun taɓa kayan.

50/
Iyaye: a taron iyaye da malamai a tambaya, sau nawa aka shiga lab a zangon nan? Wa ke koyar da Fiziks, me ya karanta? Kuɗin "taimako" na SS3 a mayar da shi kuɗin lesin a SS1. Kuma a tambayi yaro abin da yake so kafin a zaɓa masa aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba kowane icce ne na baka ba.

51/
Gwamnati: gina lab a yanke ƙyalle a ɗauki hoto shi ne mai sauƙin. Lab yana son ruwa, da mai kula da shi, da kuɗin sinadarai duk zango, don suna ƙarewa kuma suna lalacewa. Malamin Fiziks kuma yana son albashin da zai hana shi hawa adaidaita da yamma. In ba haka ba ɗakin zai koma ma'ajiyar kujeru.

52/
Malamanmu da suka tsaya duk da wannan hali, Allah ya saka da alheri. Da ba don irinku ba da ba mu kai nan ba.
Ina son jin naku. A wane aji ka fara riƙe biret ko leƙa maikiroskof, kuma makarantar gwamnati ce ko ta kuɗi? Ba sai an kama sunan makaranta ba, jiha ta isa. In amsoshin sun taru zan haɗa su in kawo.